Awa ta ƙi tafiya, shekara kuma tana gudu: amsa ga wani direban gida a Jidda

Assalamu alaikum. Ni direban gida ne a Jidda, shekarata 38, kuma shekara uku da wata biyu ke nan rabona da Kano. Aikina kai yara makaranta da safe, ɗauko su da rana, sannan kai matar maigida kasuwa ko asibiti ko gidan 'yan'uwa, wani lokaci har ƙarfe ɗaya na dare. Yawancin yinina jira ne a cikin mota. Sai in duba agogo in ga 4:10, in yi ta zama har in ji kamar awa ta wuce, in sake dubawa in ga 4:17. Amma in na waiwaya, shekara ukun nan kamar jiya na sauka a filin jirgi. Na bar matata da ciki wata shida. Yarinyar yanzu tana magana, ba ta taɓa ganina ba sai a waya. Matata ta ce ita kwana ba ya tafiya a wurinta, kuma ta gaji da jin "saura kaɗan". Yayana, wanda ke kula da ginin da nake yi, ya ce in ƙara shekara biyu, wai kamar gobe ne. Da na cika shekara biyu na yafe hutuna, na karɓi kuɗi na tura aka yi linta. Wani dattijo a masallacinmu ya ce rashin albarkar lokaci ne, alamar ƙarshen zamani. Shin mutum yana da ikon sa lokaci ya yi sauri ko ya tafi a hankali? Ko kuwa ni ne kaina ya taɓu?

Malam S., Jidda

Wa'alaikumus salam, Malam S. Allah ya sa wa nema albarka, ya raya yarinya. Ka kwantar da hankalinka, kanka lafiyarsa ƙalau. Wanda ya iya lura da cewa minti bakwai ta yi masa tsawon awa, shekara uku kuma ta yi masa gajartar kwana ɗaya, ya gano abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna nazari a kai.

Agogon bango dai ba ya sauraron kowa. Abin da ke iya sauya tafiyarsa shi ne gudu mai tsanani ko nisa daga doron ƙasa, kuma ko shi ɗin ɗan mitsitsi ne: agogunan taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda taswirar wayarka ke dogara da su in kana neman hanya, suna gaban na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan ɗaya a kowace rana. Wannan ba zai rage maka jiran ƙofar makaranta ba. Wanda kake da hannu a kansa shi ne lokacin da zuciya ke ji, kuma shi ma'auni biyu gare shi, kowanne da abin da ke juya shi. Na farko yana auna lokacin da kake ciki yanzu, kuma hankali ne ke tafiyar da shi: gwargwadon yadda ka sa ido a kan wucewar lokaci, gwargwadon tsawon da zai yi maka. Na biyu yana auna abin da ya riga ya wuce, shi kuma da tunawa yake aiki: ƙwaƙwalwa tana ƙirga abubuwan da ta ajiye, in ta samu da yawa ta ce an daɗe, in ta samu kaɗan ta ce jiya-jiya ne. Tun 1890 wani masani ɗan Amurka, William James, ya bayyana cewa lokacin da ke cike da abubuwa iri-iri gajere ne sa'ad da ake cikinsa, dogo ne in an waiwaya, lokacin da ba kowa ba komai kuwa akasin haka.

To dubi aikinka. Jira yana sa ka zuba wa agogo ido, sai awa ta miƙe. Hanya ɗaya, ƙofar makaranta ɗaya, ɗaki ɗaya a bakin get, sai ƙwaƙwalwa ta haɗe kwana dubu da ɗoriya ta ajiye su a matsayin kwana ɗaya da aka yi ta maimaitawa. Ma'aunan biyu duk sun juya maka baya a lokaci guda. A 1962 wani matashi Bafaranshe, Michel Siffre, ya shiga kogo a ƙarƙashin ƙasa ba agogo ba hasken rana, daga 16 ga Yuli zuwa 14 ga Satumba. Da aka ce masa wa'adi ya cika, a lissafinsa 20 ga Agusta ake. Kwana 25 sun ɓace masa, saboda babu abin da ya bambanta yau da jiya. Motarka ba kogo ba ce, amma akwai kama.

Maganar dattijon masallacinku tana da asali. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa Alƙiyama ba za ta tsaya ba sai zamani ya kusanci juna, shekara ta zama kamar wata, wata kamar mako, mako kamar yini. Malamai irin su Ibn Hajar sun fassara shi da cire albarka daga lokaci. Sai dai kada ka ɗauki wannan a matsayin hukuncin da ya rufe maka ƙofa, domin albarka aba ce da ake nema, kuma Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa ita a cikin sammakonta. Alƙur'ani ma ya nuna mana raunin ma'aunin zuciya: As'habul Kahfi sun yi shekara 309, da suka farka suka ce yini ne ko sashen yini.

Mu fara da jira, tunda shi ke cin ranka kullum. Abu na farko, ka sauke wa kanka aikin gadin agogo ka ɗora wa waya. In an tashi yara ƙarfe 1:00, sa ƙararrawa 12:50, ka kifa wayar, ka rufe agogon gaban mota da ɗan kati ko hula. Dalilin da ya sa kake dubawa shi ne tsoron kada lokaci ya wuce ka, kuma da zarar ƙararrawa ta ɗauke maka wannan tsoron, rabin hankalinka ya dawo hannunka. Jiran da ya fi azaba shi ne wanda ba a san ƙarshensa ba, irin na ƙofar kasuwa, domin kowane minti kana zaton yanzu za a fito. Cikin ladabi ka roƙi matar maigida ta riƙa yi maka kira ko saƙo minti goma kafin ta fito. Ka nuna mata ribarta a ciki: za ta tarar da mota a bakin ƙofa, ta riga ta yi sanyi. Mutane sun fi saurin amsa roƙon da suka ga amfanin kansu a cikinsa.

Sannan ka ba hankalin abin yi, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Aikin da ke haɗiye lokaci shi ne wanda ya ɗan fi ƙarfinka kaɗan, mai iyaka, wanda kake ganin ci gabansa da idonka. In ya yi sauƙi da yawa hankali zai sulale ya koma kan agogo, in ya yi wuya da yawa za ka ajiye. Ka raba jiranka gida uku. Na minti goma, hadda: Mus'hafin Madina layi 15 ne a shafi, in ka riƙe layi uku a rana ka samu shafi a kwana biyar, a wata takwas shafi 48, wato dab da izu biyar. Na rabin awa, tilawa ko karatun Larabci na rubutu: izu ɗaya shafi goma ne, izu biyu a rana sauka ce a wata. Ka riga ka iya Larabcin baki, to ka koyi karanta takardar kwantiraginka da kanka, kalma goma a rana a ƙaramin littafi. Na awa biyu kuwa, fita daga motar: nemi masallaci mafi kusa, yi alwala, taka ƙafa minti ashirin a inuwa ko cikin kasuwar da ke da sanyi. Zafi da ciwon baya da yunwa duk suna jawo hankali kan jiki, kuma wanda ke sauraron jikinsa yana jin kowane minti. Tun shekarun 1930 wani masani, Hudson Hoagland, ya gwada matarsa tana zazzaɓi, ya ga tana ƙirga sakan 60 da sauri gwargwadon hauhawar zafin jikinta, shi ya sa in ya ɗan fita take ganin ya daɗe.

Ba ka ambaci gajerun bidiyo na TikTok da Facebook ba, amma da wuya a samu direban da ba su ne abokan jiransa ba. Suna kashe awa, wannan gaskiya ne. Amma gwada wannan da dare: kawo biyar daga cikin waɗanda ka kalla da rana. Da ƙyar za ka tuna biyu. Suna rage maka ciwon farko suna ƙara na biyu, domin awa uku ta tafi ba ta bar ko sawu ba. Ban ce ka daina ba. Ka yanka musu rabin awa, kuma da ƙararrawa.

Akwai kuma barci. Wanda ya dawo ƙarfe ɗaya na dare ya tashi Asuba ya kama hanyar makaranta bai samu ko awa biyar ba, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta ƙoshi da barci ba ba ta iya tsayawa kan abu, ba ta kuma iya ajiya da kyau. Bayan ka sauke yara, kwanta a ɗakinka awa ɗaya da rabi. In a waje kake, minti ashirin ya isa, fiye da haka za ka tashi da nauyin kai. Kada ka taɓa yin barci da inji a kunne a cikin rufaffen gareji ko wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Shayi da gahawa kuma ka tsayar da su daga Magariba in ba tuƙin dare gare ka ba, domin bayan awa biyar kusan rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, shekarun da ke zubewa. Maganinsu alamomi ne, abin da zai sa wannan makon ya sha bamban da wancan. Ƙa'idar ma'aikatan gida ta Saudiyya, wadda direbobin gida ke ƙarƙashinta, ta ba ka yini guda na hutu a mako. In kana samunsa kana ƙarar da shi a kwance da waya, to nan ne asarar take. Sabon abu ɗaya a mako ya wadatar, kuma ba sai mai tsada ba: Juma'a a masallacin da ba ka taɓa zuwa ba, yawo a Balad, tsohon garin Jidda, da yamma, cin abinci da 'yan'uwa Hausawa na wata unguwa, tsayawa garejin makaniki ka koyi canza birki da hannunka. Sau ɗaya a wata ka yi babba. Makka tana nan kusa da kai, tafiyar kamar awa ɗaya, kuma jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 yana kai mutum Madina daga Jidda a kamar awa biyu. Akwai masu kwashe shekaru suna tara kuɗin abin da kai za ka iya yi ranar hutunka. Kowane dare kuma ka rubuta layi uku a littafi: kwanan wata, abu ɗaya da ya faru, abu ɗaya da ka koya. Ranar ƙarshen wata ka karanta daga farko, za ka ga watan ya yi kauri. Inda wannan dabarar ke lalacewa shi ne sabon abu yakan tsufa. In Balad ta zama ta kowace Juma'a, bayan wata biyu ita ma ta shiga sahun hanyar makaranta, sai ka sauya.

Duk wannan gyaran yadda kai kake ji ne, Malam S., kuma da a nan wasiƙarka ta tsaya da mun gama. Amma akwai mutum uku a cikinta da kowanne ke riƙe da nasa agogon. Yayanka da ya ce kamar gobe ne ba yaudararka yake yi ba. Yana cikin iyalinsa da harkokinsa, kuma shekara biyu da ke gaba kullum ƙarama take a idon wanda ba shi zai zauna cikinta ba. Yana kuma ganin gini a tsaye ba rufi, damina na dukansa, yana tsoron wahalarka ta tashi a banza. Mai ɗakinka kuwa irin jiranka na ƙofar kasuwa take yi, wanda ba a faɗi lokacin fitowa ba, sai dai nata shekara uku ne ba tashi. Kai da minti bakwai ta zame wa awa, kai ne ya fi dacewa ka fahimci abin da "saura kaɗan" ke yi mata. Ita ta yi haihuwa da suna da yaye ba ka nan. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon da mace za ta jure rashin mijinta, daga nan ya iyakance zaman mayaƙa a wajen gida da 'yan watanni. Neman halak uzuri ne babba, amma haƙurinta kyauta ce take ba ka, kuma kyauta ba a mai da ita dole. Sai ƙaramar. Shekara uku a wurinka kusan kashi ɗaya ne cikin sha uku na rayuwarka. A wurinta ita ce rayuwar gaba ɗaya, kuma babu dabarar da ke dawo da shekarun da yaro ke koyon wane ne nasa.

Saboda haka shawarata ita ce ka sa rana. Annabi Musa (AS) da zai yi aiki a Madyana, tun farko aka yanka wa'adi: shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Hanyar samun taka ranar lissafi ce. Ka ce wa Yaya ya sa magini ya rubuto abin da ya rage dalla-dalla: bandir nawa na kwano, katako nawa, buhun siminti nawa na filasta da daɓe, ƙofofi da tagogi, kuɗin aiki. Ka mayar da jimlar zuwa riyal, ka ƙara kashi 15 ko 20 cikin ɗari saboda tashin farashi, ka raba da abin da kake iya ajiyewa a wata. A misali, in riyal 9,000 ya rage kana ajiye 750, wata 12 ne, ba shekara biyu ba. In lissafin ya nuna ya fi haka, tambayi kanka ko dole ne a gama gidan duka. Ɗaki biyu da bayi da kicin da katanga sun isa a tare, sauran a bi su a hankali. A fara sayen abin da ba ya lalacewa, kwano da ƙofofi, a bar siminti sai ana gab da aiki, domin in ya wuce kamar wata uku a ajiye ƙarfinsa yana raguwa, in danshi ya taɓa shi ya daskare. Ka nemi hoton rasit da na aikin duk lokacin da ka tura kuɗi. Ba zargi ba ne, kuma ka faɗa wa Yaya haka da bakinka, shi ma kariya ce gare shi daga maganar mutane.

Ko me lissafin ya nuna, kada ka sake sayar da hutu. Ƙa'idar da na ambata ta tanadi hutun wata guda da albashi bayan shekara biyu ga wanda zai ci gaba da aiki. Naka na farko ya tafi a linta, na gaba sai ka cika shekara huɗu, wata goma nan gaba. Ina ganin bai kamata ka jira shi ba in akwai hali. Maigidanka ma yana da nasa uzurin, yaransa ba za su zauna babu zuwa makaranta ba, don haka ka nemi tafiya a lokacin dogon hutun makarantu, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da buƙatarsa gare ka ta ragu. Ka yi masa maganar tun saura wata uku ko huɗu, ka kawo ranar tafiya da ta dawowa, ko da wani ɓangare na hutun ba albashi. Shi ne zai fitar maka da bizar fita da dawowa ta manhajar gwamnati ta Absher, kai kuma ka duba tun yanzu cewa igamarka (katin izinin zama) da fasfonka ba za su ƙare kana gida ba. Ka guji kwanakin Ramadan da na aikin Hajji, tikiti yana tsada. In ya ƙi sam, to ka san ranar cikar kwantiraginka ita ce ranarka, kuma kada ka amince da sabuntawa sai an rubuta hutun a ciki.

Kafin ka tsayar da ranar, ka kira mai ɗakinka ku tsayar tare. Ka karanta mata lissafin, ka ba ta zaɓi na gaske: ka zo hutu ka koma ka ƙarasa wata kaza, ko ka haƙura da hutun ka dawo gaba ɗaya a wata kaza. Kada ka faɗi ranar da ba ka da tabbacin cikawa, gara ka ƙara wata ɗaya a kai ka zo da wuri. Rana ba ta ƙarya, kuma wa'adin da aka saɓa sau biyu ya fi rashin wa'adi ciwo. Ita ma ta samu abin da zai cika mata yini ya kuma bar mata alama, Islamiyya ko sana'ar da take so, da ɗan jari daga gare ka da sunanta.

Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Ƙarfe 9:00 na safe a Jidda, ka sauke yara ka dawo, ƙarfe 7:00 ne a Kano, yarinya ta tashi tana karyawa. Minti biyar a wannan lokacin kullum ya fi awa guda ranar Juma'a, domin yaro ɗan shekara uku da maimaici yake gane mutum. Ka zaɓi abu ɗaya da ku biyu kaɗai kuke yi, ƙirga yatsu ko Fatiha aya-aya, ka nuna mata motar da ɗakinka. Hirar manya kuma ku bar ta sai dare in ta yi barci.

Abu ɗaya zan roƙe ka ka sa wa ido. In nauyin lokacin nan ya zo tare da rashin cin abinci, farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, rashin jin daɗin abin da da kake so, har ya wuce mako biyu, wannan ya wuce gajiyar jira. Ciwon damuwa yana sa lokaci ya tsaya cik, kuma yana da magani. Ka ga likita, ko ka kira layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, 937, kuma kada ka riƙe sitiyari ranar da ka ji idonka na rufewa.

Ranar da Allah ya kai ka gida, kada ka yi mamaki in yarinyar ta ɓuya bayan uwarta, ita a cikin waya ta san ka. Kada ka ɗauke ta da ƙarfi, kada kuma a yi mata faɗa. Zauna a tabarma daidai tsayinta, ka fara ƙirga yatsun nan da kuka saba, ka bar ta ta ƙaraso da kanta ko da zai ɗauki kwana biyu ko uku.